Wasiƙa zuwa ga Edita: in jirgin soja ya daki tsauni, "rashin kyawun yanayi" kaɗai bai ishe mu bayani ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana sosa min rai. Duk sanda jirgin soja ya faɗi a tsauni, ko a wace ƙasa ce, labarin kusan iri ɗaya muke karantawa, jirgi ya ɓace daga rada, washegari an gano tarkace, hukumomi sun ce rashin kyawun yanayi ne, a sauke tuta a yi ta'aziyya shikenan an wuce wajen. Mu kuma masu waya a hannu sai mu rabu biyu, wasu su rantse harbo shi aka yi, wasu su ce kwana ne ya ƙare a daina tone-tone. Kwana ya ƙare wannan babu mai ja, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma ni abin da ke damuna shine wannan kalmar ta "yanayi" ta zama wani bargo da ake lulluɓe komai da shi, ba a taɓa zama an yi wa mai karatu bayanin me yanayin ya yi ba, kuma waye ya ce a ci gaba da tafiya bayan an ga ya fara juyawa.

Ka duba 'yan shekarun nan kawai. Ranar 8 ga Disamba 2021 babban hafsan tsaron Indiya Janar Bipin Rawat da matarsa suna cikin helikwafta ƙirar Mi-17, daga Sulur za su Wellington a tsaunukan Nilgiri, tafiyar da ba ta da wani nisa, saura mintuna kaɗan su sauka jirgin ya shiga gajimare ya daki gefen dutse, mutum 14 ne a ciki babu wanda ya rayu, ɗaya ma sai da ya yi mako guda a asibiti kafin ya cika. Binciken sojojin ya ce injin lafiyarsa ƙalau, ba kuma zagon ƙasa ba ne, yanayin kwarin ne ya canza ba zato matuƙin ya rikice ya kasa gane ina ne sama ina ne ƙasa. Ranar 19 ga Mayu 2024 kuma shugaban Iran Ibrahim Ra'isi, yana dawowa daga buɗe madatsar ruwa a kan iyakarsu da Azabaijan, jirage uku suka taso tare, biyu sun isa, nasa ƙirar Bell 212 hazo ya haɗiye shi a tsaunukan Warzaƙan, mutum 8 har da ministan harkokin waje, sai washegari da safe aka iya kaiwa wajen saboda su kansu masu aikin ceton hazon ya hana su ganin gabansu. Ko wata guda ba a rufa ba, 10 ga Yuni, mataimakin shugaban Malawi Saulos Chilima a cikin jirgin soja ƙirar Dornier 228, ya faɗi a dajin Chikangawa, mutum 9. Sai Gana ranar 6 ga Agusta 2025, ministan tsaro da na muhalli a cikin helikwaftan soja a hanyar Obuwasi, mutum 8. Waɗannan fa manya ne shi ya sa muka ji sunansu, ƙananan sojojin da suke mutuwa a irin wannan hanyar layi biyu ake ba su a jarida.

To me tsauni yake yi wa iska ne? Wannan shine abin da nake so a riƙa yi wa mutane bayani. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi ya ga yadda ruwa yake yi in ya tarar da ƙaton dutse a tsakiya, ya hau ta gaba ya zubo ta baya yana murɗawa yana kumfa, to ya riga ya fahimci rabin maganar, don iska ma haka take yi sai dai ita ba a ganinta. In iska mai gudun kilomita 45 a awa ko fiye ta bugi jerin tsaunuka kai tsaye, ɓangaren da ta buga tana ɗaga jirgi sama kamar kyauta, amma da ka tsallaka ƙololuwa ta ɗaya ɓangaren sai ta zubo ƙasa da ƙarfi, wani lokacin ƙarfin da take danna jirgin ƙasa ya fi ƙarfin da injin yake da shi na hawa, kaga kenan matuƙi ya ba da wuta har ƙarshe hancin jirgi na kallon sama amma ƙasa yake yi. A ƙarƙashin wannan kuma akwai inda iskar ke juyawa kamar taya, nan ne take jijjiga jirgi kamar za ta raba shi. Masu binciken hatsarin Gana irin wannan iskar mai dannowa ƙasa suka ce ta ƙwace wa jirgin tsayinsa farat ɗaya a saman tuddan.

Kuma abin tsoron, ba dole sai da hadari ba. Hadari daban haɗari daban, a tsauni sararin sama na iya zama tas babu ko ɗigon gajimare amma haɗarin na nan. A 5 ga Maris 1966 wani Boeing 707 na kamfanin Birtaniya ya bi ta kusa da dutsen Fuji a Jafan, rana tar ana ganin dutsen fes, iskar bayan dutsen ta wargaza shi a sama, mutum 124. Wancan na fasinja ne, amma jirgin yaƙin sojan ruwan Amurka da aka tura ya dubo tarkacen shi ma da ya shiga wajen da ƙyar ya sha. In akwai ɗan laima a iskar takan nuna alama, wani gajimare mai santsi kamar faifai da yake tsayawa cak a saman tsauni ba ya motsi duk iskar da ake yi, masu ɗaukar hoto suna son shi sosai, matuƙin da ya san aikinsa kuwa in ya hango shi gabansa faɗuwa yake. In iskar busasshiya ce ko wannan alamar ba za ka samu ba.

Sai maganar hazo, wanda shine ya fi cin mutane. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi, to in iska mai laima ta taso daga kwari ta bi gangare tana hawa, tana kaiwa wani tsayi sai laimar ta koma gajimare nan take a jikin dutsen. Shi ya sa za ka ga mashigin da yake a buɗe ƙarfe goma, goma da kwata ya rufe ruf, ba daga wani waje gajimaren ya zo ba balle a ce rada ta hango shi yana tahowa, a nan aka haife shi. Jirgin farko ya wuce lafiya, na biyun da ke bayansa da 'yan mintuna ya tarar da bango fari. Mutanen da suke tambayar ya aka yi jirage biyu suka tsira na Ra'isi kaɗai ya faɗi, ban ce kar su yi tambaya ba, amma su sani a tsauni wannan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Kuma yi lissafi da kanka Malam Edita, helikwafta mai gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 duk daƙiƙa, in abin da kake iya gani a gabanka bai wuce mita 200 ba to ko daƙiƙa huɗu ba ka da su tsakanin ganin dutse da dukansa. Jirgin yaƙi mai kilomita 800 a awa ko kilomita guda yake hangowa daƙiƙa biyar ba su cika ba.

Da an shiga farin nan kuma sai jikin mutum ya fara yi masa ƙarya. Abin da yake gaya wa ɗan Adam a miƙe yake ko a karkace yana cikin kunne, kuma don tafiya a ƙasa aka halicce shi, in ido bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba sai jirgi ya karkata a hankali kunne bai ji ba, matuƙi ya rantse a daidai yake, in ma ya kalli na'ura ta ce masa a karkace yake zuciyarsa ta ƙi yarda, ya gyara ya ji kamar yanzu ne ma ya karkace sai ya mayar. An yi wani tsohon gwaji a jami'ar Ilinoi ta Amurka a 1954 da matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura zalla ba, aka rufe musu ganin waje, dukkansu jirgin ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin da suka iya riƙewa daƙiƙa 178, ko minti uku bai kai ba. Matuƙan soja sun koyi tuƙi da na'ura, eh, amma wanda ya shirya shiga gajimare yana can sama nesa da komai daban yake da wanda gajimare ya rufe shi ba shiri yana cikin kwari duwatsu hagu da dama, wannan ɗin 'yan daƙiƙun da zai ɗauka ya ɗauke ido daga taga ya mayar kan na'ura su ne ake mutuwa a ciki. Da dare ma tabaran gani cikin duhun nan da suke sawa yana da nasa sharrin, yana ratsa siririn hazo, sai mutum ya yi ta tafiya bai san hazon na kauri ba sai ya tsinci kansa a tsakiya.

Ita kanta na'urar auna tsayin ba tsayi take aunawa ba, nauyin iska take aunawa ta fassara shi. In ka tashi daga inda nauyin iska yake sama ka nufi inda ya faɗi ba ka sake saita ta ba, duk miliba ɗaya, wato ma'aunin nauyin iska, wajen mita 8 ne na kuskure, goma kenan mita 80, kuma kullum kuskuren ta ɓangaren da ke kashewa yake, tana ce maka kana sama alhali kana ƙasa. Tsananin sanyi ma haka, duk digiri 10 da iska ta fi ƙa'ida sanyi, wato sanyin da aka gina lissafin na'urar a kai, kuskuren wajen kashi 4 cikin ɗari ne, wato mai ganin mita 3,000 a allo a ranar da sanyi ya zarce da digiri 20 ya yi ƙasa da haka da wajen mita 240. Tsauni kuwa ba ruwansa da abin da allo ya rubuta.

Zafi shi ma ba a bar shi a baya ba. Iskar sama siririya ce dama, a mita 5,500 nauyinta rabin na bakin teku ne, inji na shaƙar kaɗan farfela na kamun kaɗan, in zafi ya ƙaru sai ta ƙara sirancewa. Filin sauka da yake mita 2,500, in rana ta take zafi ya haura ƙa'ida da digiri 20, jirgi ji yake kamar yana mita 3,200. Lodin da ya tashi da shi da asuba lafiya lau, azahar ba zai iya ba, wuri ɗaya jirgi ɗaya matuƙi ɗaya. Matuƙan Indiya da suke kai wa sojojinsu kaya a ƙanƙarar Siyacin, inda wasu wuraren saukar sun haura mita 6,000, kilo-kilo suke lissafa abin da za su ɗauka har da man da za su zuba. A Afganistan ma shi ya sa aka riƙa dogara da helikwafta ƙirar Chinook mai farfela biyu a wurare masu tsayi. Ƙanƙara kuma ba sai na ja ba, tsakanin digiri sifili da 20 ƙasa da sifili gajimare na ɗauke da ruwan da bai daskare ba, yana taɓa fuffuke ko farfela ya daskare a jiki, nauyi ya ƙaru ƙarfin ɗagawa ya ragu, kuma saman tsauni ne matattararsa.

Wani zai ce to ai jiragen fasinja ma suna tsallaka tsaunuka kullum. Suna tsallakawa ta can ƙololuwar sama, a hanyar da aka shata, daga babban fili zuwa babban fili, in yanayi ya ɓaci a soke tafiya fasinja su yi ta mita. Soja fa? Shi ƙasa-ƙasa yake bi cikin kwari don kar radar abokin gaba ta gan shi, da dare yake tafiya, inda zai sauka babu hasumiya babu ma'aikacin yanayi, sau da yawa ma saboda yanayin ya ɓaci ne aka kira shi. A yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1945, jiragen ƙawance da suke jigilar kaya daga Asam ta Indiya zuwa Kunmin ta Sin ta saman Himalaya sun yi asarar jirage kusan 600, kuma yanayi da duwatsu sun fi harsashi ci, har ana cewa tarkacen alminiyon da ya zube a hanya ya isa ya nuna wa matuƙi hanya. Shekara tamanin kenan, injuna sun canza na'urori sun canza, amma a Fabrairun 2014 jirgin dakon kaya ƙirar C-130 na sojan Aljeriya ya daki dutsen Fartas cikin iska da dusar ƙanƙara yana shirin sauka birnin Kusantina, mutum 77.

Yanzu kuma ga ɗumamar duniya ta shigo cikin lissafin, kuma tsaunuka suna cikin wuraren da abin ya fi nunawa, tsaunukan Alfs na Turai kaɗai zafinsu ya ƙaru da wajen digiri 2 daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yanzu. Ranakun zafi sun ƙaru, ma'ana ranakun da helikwafta ba ta da cikakken ƙarfi sun ƙaru. Tsohon matuƙin da ya haddace cewa wata kaza mashigi kaza yakan buɗe da safe ya rufe da yamma, wannan haddar tasa ba abin dogaro ba ce kamar da. Sannan ambaliya da zaftarewar ƙasa da gobarar daji duk soja ake kira, a daidai lokacin da sama ta fi muni. A ambaliyar Uttarakand ta Indiya a Yunin 2013 sojojin sama sun kwashe dubban mutane, amma ranar 25 ga watan Mi-17 ɗaya ta faɗi kusa da Gaurikund da mutum 20, masu ceto ne suka tafi. A Agustan 2022 Pakistan ta rasa Laftanar Janar Sarfraz Ali da mutum biyar a hatsarin helikwafta a Lasbela, su ma aikin ambaliya suka fita.

Amma gaskiya inda nake son zuwa kenan, duk abin nan da na lissafa babu wanda matuƙi bai karanta a makaranta ba. Sun san a tunkari ƙololuwa a karkace wajen digiri 45 don in iska ta danno a samu juyawa, sun san ba a bin tsakiyar kwari sai gefe don a bar wa kai filin kwana, sun san hasashen yanayin da aka ba su da safe na filin da suka tashi ne da filin da za su sauka, abin da ke tsakani sai ido. Ilimin akwai shi. Abin da yake wahala shine juyawa. Ka ɗauki matashi mai anini biyu ko uku a kafaɗa, bayansa janar ne ko minista, can ana jira an kafa rumfa an tara jama'a, saura minti biyar a isa, gajimare ya sauko sai ya ɗan yi ƙasa, ya ƙara saukowa ya ƙara yin ƙasa, kowane mataki ƙarami ne ba ya kama da ganganci, har ya zo inda kwarin ya matse babu filin juyawa. Ba sai oga ya buɗe baki ya ce dole a je ba, zamansa a kujerar baya ma magana ce, kuma a gidan soja tun ranar farko an koya maka ba a cewa na kasa. Wallahi ni ina ganin rundunar da matuƙinta zai juyo da shugaban ƙasa daga rabin hanya, washegari a kira shi a yaba masa a gaban 'yan uwansa maimakon a mayar da shi tebur, ta fi wadda ta sayi sabbin jirage goma tsaron rayukan mutanenta. Kuma manyan su ma a gaya musu tun kafin a tashi, a rubuce, cewa a cikin jirgi matuƙi ne oga, sannan a tanadi mota a ƙasa tun farko don kar juyawa ta zama abin kunya.

Dalilin da ya sa na ce kalmar yanayi bargo ce, dubi abin da ya faru a Dubrobnik ta Kuroshiya ranar 3 ga Afrilu 1996, jirgin sojan saman Amurka ɗauke da sakataren kasuwanci Ron Brown ya daki dutse cikin ruwa da gajimare, mutum 35. Da farko kowa yanayi ya kama. Da aka gama bincike sai ga gazawar shugabannin rundunar, ga kuskuren matuƙa, ga taswirar saukar da aka zana ba daidai ba, jirgin ma na'ura ɗaya yake da ita ta kamo siginar ƙasa inda ake buƙatar biyu. A Malawi masu bincike daga Jamus sun tarar jirgin ba shi da baƙin akwati, na'urar da ya kamata ta yi kururuwar neman agaji in an faɗi kuwa baturinta wa'adinsa ya ƙare tun 2004. Wannan kuma hazo ne ya jawo? Ta ɗaya gefen kuma kar a ce komai a jibga wa matuƙin da ya mutu ba zai iya kare kansa ba. Chinook ɗin sojan Birtaniya da ta daki tudun Kintaya a Sikotilan cikin hazo ranar 2 ga Yuni 1994, mutum 29, an yanke wa matuƙan biyu hukuncin mummunan sakaci alhali ita ma babu baƙin akwati a cikinta, iyalansu suka yi shekara 17 suna fafutuka sai 2011 gwamnati ta wanke su ta ba da haƙuri.

Don haka roƙona gare ku 'yan jarida, in irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, kar ku tsaya a sanarwar kakakin soja. Ku tambaya ƙarfe nawa aka ba matuƙin rahoton yanayi na ƙarshe kuma na ina ne, akwai ma'aunin yanayi ko kyamara ko ɗaya a mashigin da suka bi, jirgin yana da na'urar da ke gargaɗi in ana tunkarar ƙasa, yaushe rabon matuƙin da atisayen shiga gajimare ba shiri, an ɗage tashin saboda yanayi sannan wani ya ce a tashi, waye shi. Kuma rahoton bincike yakan fito ne bayan wata uku ko shekara, lokacin hankalin kowa ya koma wani waje, dan Allah ku sa wani a cikinku ya riƙa bibiya, in ya fito a fassara mana shi da Hausa a ba shi shafi guda cikakke kamar yadda aka ba hoton tarkacen, in kuma an ƙi fitar da shi ku rubuta cewa an ƙi. Waɗanda suka rasu Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku a kullum